Cinikin Dardumar Auta

Shagon farko da suka shiga, ciniki bai faɗa ba. Na gaba ma haka. Kafin rana ta take Auta ta daina kula da ƙofofin da suke shiga suna fitowa hannu rabbana, sai bin bayan Yaya take yi, ƙafafunta na zogi cikin takalmin da ta yi kuskuren sawa.

Kasuwar rufaffiya ce, lungunanta duk kama ɗaya. Ko'ina ka duba darduma ce rataye tun daga rufi har ƙasa, wasu kuma a naɗe an jingina su da bango. Warin ulu ya cika wurin. Auta ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshen mutanen ƙasar. Yaya ma ba ta ji. 'Yar kasuwa ce, ta sha fita waje saro takalma da jakunkuna, amma nan ba ta taɓa zuwa ba.

Shi ya sa aka nemi tafinta. Kuma cikin duk ɗaliban gida da ke karatu a birnin suna raka 'yan kasuwa don samun na kashewa, Yaya ba ta kira kowa ba sai shi.

Da safe da Auta ta sauko, sai ta gan shi tsaye a bakin ƙofar masauki. Ya rame, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaida Yaya kamar yadda ya saba tun yana yaro, ita kuma Auta ya ce mata sannu da hanya bai ɗago ido ba.

Ƙanin tsohon mijin Yaya ne. A gidan Yaya suka saba, lokacin da Auta ke zuwa hutu, shi kuma yana ɗakin zaure. Yaya ce ma ta fara tsokanarsu. Da Auta ta gama karatun jinya ta kama aiki a asibiti, shi kuma ya samu gurbin karatu a waje, manya duk sun san da maganar, ana cewa in ya dawo sai a ƙara zumunci. Sai auren Yaya ya mutu, mummunar mutuwa. Tana kwance a asibiti bayan ta yi ɓari mijin ya aiko mata da saki, uwarsa kuma ta sa aka fitar da kayanta waje, ruwa ya yi musu duka, aka riƙe 'ya'yanta. Tun daga ranar gidajen biyu ko a wurin gaisuwar mutuwa ba sa haɗa ido.

Yaya ce ta raini Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta biya mata makaranta, ita ta yi jinyarta da ta yi ƙyanda. Ba ta taɓa ce mata dole ba. Abin da ta ce kawai shi ne ita dai ba za ta sake taka gidan nan ba har ta koma ga Allah. Auta ta yi kuka har ta gaji. Da Injiniya ya fito neman aurenta, mutum mai kirki da fara'a wanda babu abin da za a kushe masa, sai ta ce to. An sa rana. Shi ya biya musu kuɗin jirgi, ya ce yana son ita da kanta ta zaɓi darduma saƙar hannu da za a shimfiɗa a falonsu.

Dardumar ke nan da aka wuni ana nema.

A kowane shago Tafinta sai ya samo aibi. Wannan ya juya bayanta ya ce saƙar inji ce, an yi mata kwalliya ne kawai. Waccan ya ce launinta zai zuba da wankin farko. Inda babu aibin da zai faɗa kuwa, sai ya yi doguwar magana da mai shago, ya juyo ya ce mutumin ya ce albarka, babu ragi. Yaya sai ta yi tsaki ta gyara mayafi, su ƙara gaba.

Shagon da suka shiga daga ƙarshe yana can ƙuryar wani lungu, sai an sauka matakala. Wani dattijo ne a ciki, da tabarau rataye a wuyansa, da matarsa tana gyaran gezar wata tsohuwar darduma da allura. Dattijon bai yi musu ihun kira ba kamar sauran. Ya nuna musu benci, matar ta kawo shayi a ƙananan kofuna, shi kuma ya shiga sauko da kaya yana warwarewa ɗaya kan ɗaya, yana nishi.

Auta ba ta da niyyar son komai. Ta ƙudurta duk wadda Yaya ta nuna za ta ce ta yi. Amma da dattijon ya warware wata ja mai duhu, da baki shuɗi da ƙananan furanni a tsakiya, ba ta san lokacin da ta zame daga benci ta durƙusa ta ɗora hannu a kai ba. Laushinta kamar bayan mage. Dattijon ya kamo hannun rigarta ya kai ta ɗaya gefen, sai ta ga jan ya yi haske, kamar an sauya ta da wata.

Tafinta ya ce haka saƙar hannu take, ya danganta da inda mutum ya tsaya. Wannan ce maganar farko da ya yi mata kai tsaye tun safe.

Dattijon ya juya bayan dardumar ya nuna musu ƙulle-ƙullen, ƙanana, wasu layukan ba su miƙe sosai ba. Ya zaro zare ɗaya ya kunna masa ashana, ya yi ƙauri irin na gashi. Ya jiƙa farin ƙyalle ya goga da ƙarfi, ya ɗaga, fari fat. Ta bakin Tafinta suka ji cewa wasu mata ne 'yan gida ɗaya suka saƙa ta a ƙauyen su matarsa, sun ɗauki fiye da shekara a kanta. Yaya ta shafa, ta ɗaga gefe ta auna nauyi, ta ce wannan kam ko makaho ya taɓa ya san kaya ne.

Matar dattijon ta ajiye allura, ta kama hannun Auta tana murmushi, ta dubi Tafinta ta faɗi wani abu. Auta ta ga Tafinta ya kau da kai. Ya ce matar ta ce ta iya zaɓe.

Ana haka wayar Yaya ta yi ƙara. Injiniya ne, kiran bidiyo. Yaya ta amsa da fara'a, suka gaisa, sannan ta miƙa wa Tafinta wayar ta ce ya riƙe ya haska masa da kyau, shi da yake da tsawo.

Ya karɓa. Ya zagaya dardumar a hankali, yana haska tsakiya, yana haska gefe, Injiniya na ta sa albarka daga cikin wayar. Injiniya ya tambaya ko amarya ta so, Yaya ta ce ai ga ta can ta ƙi tashi daga kai. Ya yi dariya, ya ce to kada a tsaya jan ciniki. Sannan ya nemi a juyo da wayar ya ga wanda ke ta wahala da su.

"Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa," in ji shi. "In kana gida lokacin biki, don Allah ka zo. Kai ma ai ka sa hannu a gidan nan."

Tafinta ya ce amin, ya ce in Allah ya yarda. Auta ta sunkuyar da kai tana kallon furannin har suka fara narkewa a idonta.

Aka zauna ciniki. Dattijon ya faɗi kuɗinsa, Yaya ta riƙe baki ta ce ko da zinariya aka saƙa ta. Ta yi tayi, dattijon ya dafe ƙirji kamar an soke shi, ya nuna matarsa, ya nuna furfurarsa. Ya sauko kaɗan, Yaya ta hau kaɗan. Ta miƙe ta ɗauki jaka ta nufi matakala, ya biyo ta da sabon kofin shayi. Duk da abin da ke cin ta, sai da Auta ta kusa murmushi, don su biyun sun san sana'arsu, kuma kowa na jin daɗin abokin karawarsa.

Da Yaya ta yi tayinta na ƙarshe, ta ce daga nan ko allura ba za ta ƙara ba, Tafinta ya faɗa wa dattijon. Dattijon ya dubi matarsa, ya dubi Auta. Ya buɗe hannuwa, ya faɗi 'yar gajeriyar magana yana gyaɗa kai.

Tafinta ya ce bai sallama ba, wai su ƙara gaba ko za a dace.

Yaya ba ta motsa ba. Ta dubi dattijon, wanda har ya durƙusa ya fara naɗe bakin dardumar yana 'yar waƙarsa. Ta dubi Tafinta. Sannan ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki kalkuleta, ta danna tayinta da kanta, ta kai wa dattijon gaban ido. Ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya nuna Tafinta da tafin hannu, alamar ai tuni ya faɗa masa.

Yaya ta ajiye kalkuletar, ta juyo kan Tafinta.

"Tun safe ke nan," Yaya ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Tun safe kake yawo da mu kana ɓata mana ciniki."

Bai musa ba. Ya durƙusa a gabanta, kan dardumomin da aka tara, ya ce ta yafe masa. Ya ce bai shirya hakan ba. A shagon farko ne ya ji bakinsa ya faɗi ƙarya, daga nan kuma ya kasa dainawa.

"To da ka hana a saya, sai me? Sai a fasa auren?"

"Ban sani ba, Anti. Na san dai muddin ba a saya ba, kuna nan."

Auta ta toshe baki da mayafi. Dattijon da matarsa suka dubi juna, matar ta tashi ta shige ciki, shi kuma ya koma gefe ya kama gyaran abin da bai lalace ba.

Yaya ta zauna a benci kamar wadda aka zare wa laka. Ta ce ta san za a ce mugunta ce ta sa ta kira shi, kuma wataƙila akwai ta a ciki. Ta so ya gani da idonsa don ya cire rai, ita ma Auta ta cire. Amma kuma shi kaɗai ta yarda da shi a garin, domin shi kaɗai ne a gidansu ya bi ta asibiti, shi ya kwashe mata kayanta daga cikin ruwa. Ba ta manta ba.

"Ba kai na ƙi ba," ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Da kai kaɗai ne, da ni zan kai maka ita. Amma in ta shiga gidanku, wa za ta durƙusa ta gaisar kullum? Matar da ta watsar da kayana. In ta haihu, wa zai ɗauki jaririn ya yi masa addu'a? Mutumin da ya hana ni ganin nawa. Ni na raine ta. Ka ce in ɗauke ta da hannuna in kai ta inda aka kusa kashe ni?"

Auta ta rarrafo ta kifa kai a cinyarta. Ta ce Yaya ta yi haƙuri, ita ba ta ce komai ba, ba ta kuma san zai yi haka ba. Yaya ta shafa kanta ta ce ta sani, rashin cewa komai ɗin ne ma ke hana ta sukuni.

Ta share fuska ta miƙe. Ta ce za ta hau sama ta sha iska, su yi maganar da za su yi. In ta dawo, abin da Auta ta ce shi za a yi, a saya ko a bari, ita ba za ta tilasta kowa ba. Maganarta dai ɗaya ce, tana nan inda take.

Ƙarar takalminta ta ɓace a matakala.

Auta ta juyo wajen Tafinta. Ta tambaye shi abin da matar nan ta faɗa da gaske.

"Ta tambaya ko ni ne angon."

"Me ka ce mata?"

"Ban ba ta amsa ba."

Ta goge ido da bayan hannu, wasu suka sake zubowa. Ta ce masa ta gaji. Ta gaji da zama tsakanin mutum biyu da take so, kowa na da gaskiya. Injiniya bai yi mata laifin komai ba, kullum ta ji muryarsa sai ta ji kamar ɓarauniya. Ta ce shi namiji ne, ya faɗi kalma ɗaya. In ya ce zai dawo ya tsaya, ya shiga ya fita har a sasanta gidajen nan, ita za ta ce a bar dardumar, ta koma ta ba Injiniya haƙuri, ta jure duk abin da za a faɗa a kanta.

Ya ɗago ido ya dube ta sosai, karo na farko. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ya ce tun da ya ji za su zo yake kiran Inna, mahaifiyarsa. Ya roƙe ta, ya sa kawunsu ya roƙe ta, ya sa limamin unguwa. Da safen nan ma kafin ya fito sai da ya sake kira.

"Me ta ce?"

"Ta ce in na sake ambaton sunanki, in nemi wata uwar." Ya sunkuyar da kai. "Ta tsufa, Auta, ga hawan jini. Na san ba ta da gaskiya, wallahi na sani. Amma in na ƙetare maganarta wani abu ya same ta, da wane ido zan dube ki? Ke ma da wane ido za ki dube ni?"

"To me ya sa ka hana a saya?"

"Shi kaɗai ne abin da ke hannuna."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ta ba shi lokaci, tana kallon bakinsa. Bai ƙara ba. Ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza, babu sauti. Ta so ta ji haushinsa, ko don ta samu abin riƙewa, amma ta nema ta rasa. Yadda ita ta kasa tsallake Yaya, haka shi ya kasa tsallake Inna, to wa za ta zarga?

Da Yaya ta dawo ta tsaya a bakin matakala, ba ta yi tambaya ba. Ta dubi fuskokinsu kawai. Auta ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta ce a saya.

Wannan karon Tafinta ya fassara daidai. Dattijon ya karɓi kuɗinsa babu murnar ɗazu. Ya naɗe dardumar tam, ya sa ta a buhu, matarsa ta fito ta ɗinke bakin da babbar allura. Da za su tafi ta rungume Auta ta daɗe, tana faɗa mata wata magana a kunne. Auta ba ta nemi a fassara mata ba.

Shi ya saɓa dardumar a kafaɗa, ya wuce gaba yana raba musu hanya cikin cunkoso har bakin titi. Ya tsayar da tasi. Dardumar ta fi ƙarfin but ɗin bayan motar, dole aka zura ta ta tsakiyar motar, daga gaba har kujerar baya, Yaya a gefe ɗaya, Auta a ɗaya gefen. Ya sunkuya ya yi wa direba kwatancen masauki. Ya ce wa Yaya gobe abokinsa ne zai raka su filin jirgi, yaron kirki ne, ba zai cuce su ba. Yaya ta kira shi da sunan tsokanar da take kiransa da shi a da, ta ce Allah ya yi masa albarka. Ya ce amin, ya rufe ƙofa a hankali.

Mota ta ja. Auta ta waiga ta gilashin baya. Yana nan tsaye, zaren buhu a kafaɗar rigarsa, mutane na ture shi suna wucewa, har wata babbar mota ta shiga tsakani.

Ba su yi nisa ba wayar ta sake ƙara. Yaya ta duba, ta miƙo hannu ta saman dardumar ta ajiye ta a cinyar Auta. Ta ce ta ɗauka, duk abin da ta ga dama ta faɗa masa, ita ba za ta sa baki ba. Ta juya fuska wajen taga, tana jan hanci.

Wayar ta yi ta ruri. Saura kaɗan ta tsinke Auta ta ɗauka.

Injiniya ya yi sallama da muryarsa mai fara'a, ya ce yana ta zullumi, an daidaita kuwa? Ya ji shiru, ya sake kiranta, ya tambaya ko lafiya, ko layin ne.

Auta ta ɗora hannu a kan buhun. Ta jira har numfashinta ya daidaita.

"Lafiya lau," ta ce. "An saya."